Wane ƙarfe ne a cikin indomin mota da har ya fi gwal tsada?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na sayi mota 'yar Kwatano, ba a jima ba wutar cek ta kama, ga wani wari mai hawa kai yana fitowa daga salansa. Bakanike ya duba ya ce an riga an cire mata indomi tun kafin ta zo hannuna, wai masu saye suna biyan kuɗi mai kauri saboda akwai wani ƙarfe a ciki da ya fi gwal tsada. Don Allah gaskiya ne? Wane ƙarfe ne wannan, me ya sa yake da wuyar samu, kuma me ake yi da shi? In gaskiya ne, mutum zai iya tara tsofaffin indomi ya fitar da shi da kansa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da alheri. Bakanikenka bai yi maka ƙarya ba. A cikin indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke tsakanin inji da salansa, akwai ƙarafa uku masu daraja: filatinam, faladiyam da rodiyam. Wanda ake nufi idan aka ce ya fi gwal tsada shi ne na ukun, rodiyam. Sai dai tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da mutane ke yawan cakuɗawa, wato ƙarancin abu da tsadarsa. Akwai ƙarfen da ya fi rodiyam ƙaranci a kasuwa amma bai taɓa kai farashin da rodiyam ya kai ba. Abin da ya ɗaga shi sama shi ne ba a iya ƙara yawan wanda ake haƙowa idan buƙata ta tashi, ga shi kuma yana yin wani aiki guda da dokar manyan ƙasashe ta wajabta, wanda har yau ba a sami abin da zai yi shi kamar yadda yake yi ba. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Aikina awon ma'adinai da ƙarafa ne, kuma 'yan gwangwan da masu sayar da gwal sukan kawo mini kayansu in auna musu. Daga nan zan yi maka bayani.

Aikin da yake yi a cikin salansa

Idan aka yanka indomi, abin da za a gani shi ne wani curin tangaran mai ƙananan ramuka a jere, yawanci wajen 400 a kowane murabba'in inci. Shi tangaran ɗin ba shi da wata daraja. An shafe bangon ramukan ne da wani ƙulli na sinadarin alumina, sannan aka barbaɗa ƙarafan nan uku a kansa, a matsayin ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Duka ukun a haɗe ba su wuce 'yan giram kaɗan ba a ƙaramar mota, kuma rodiyam shi ne mafi ƙanƙantar kaso, galibi bai kai giram ɗaya ba. Saboda haka wanda ya fasa indomi yana zaton zai ga wani abu na walƙiya, toka-toka kawai zai tarar.

Injin fetur yana fitar da guba iri uku. Akwai iskar kabon monoksaid, ita ce wadda ke kashe iyali guda cikin dare idan aka kwana da janareta a cikin gida. Akwai ragowar man da bai ƙone ba, shi ne warin da kake ji. Sai kuma haɗin naitirojin da oksijin, wanda zafin cikin inji ke haifarwa, mai cutar da huhu da haddasa hazon hayaƙi a manyan birane. Biyun farko maganinsu a ƙarasa ƙona su, wato a ƙara musu oksijin, kuma filatinam da faladiyam sun iya wannan. Na ukun kuwa akasin haka ake so: a raba naitirojin da oksijin ɗin da ya kama, a bar naitirojin ya haɗu da ɗan'uwansa ya koma iskar da ba ta cutarwa, wadda da ma ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. A nan rodiyam ya yi zarra. Idan gubar ta taɓa fuskarsa a cikin zafi sai ta rabu, shi kuwa yana nan yadda yake, bai ƙone ba bai ragu ba. Shi ya sa ɗan mitsitsi ke isar mota shekara da shekaru, kuma shi ya sa idan motar ta mutu ƙarfen yana nan a ciki, ana iya sake fitar da shi.

Wannan aiki ba ya yiwuwa sai tukunyar ta ɗauki zafin da ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, kuma sai an daidaita iska da fetur daidai wa daida, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Don haka aka sa sensar oksijin a gaban indomi, a motocin zamani kuma aka ƙara wata a bayanta mai duba ko tana aiki. Ita ta bayan ce ta lura cewa hayaƙin da ya shiga shi ne ya fita ba canji, sai ta kunna maka wutar cek.

Doka ce ta kawo indomi, ba sha'awar masu ƙera mota ba. Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska a 1970, motocin 1975 suka fara fitowa da tukunyar da ke maganin guba biyu. Mai maganin ukun, wadda ke buƙatar rodiyam, ta fito ne daga aikin Carl Keith da John Mooney na kamfanin Engelhard, kuma Volvo ce ta fara saka ta tare da sensar Bosch a motocin da ta kai Kalifoniya a 1976. Turai ta wajabta ta a farkon shekarun 1990. Mu a nan, ko da motar ta zo da ita a wancan zamani, fetur mai dalma yana kashe ta nan da nan, domin dalma tana lulluɓe fuskar ƙarfen. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da irin wannan fetur, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. A yau sama da kashi 80 cikin 100 na rodiyam ɗin da duniya ke amfani da shi a salansar mota yake ƙarewa.

Me ya sa yake da wuyar samu

Duk rodiyam ɗin da ake haƙowa a duniya cikin shekara guda bai wuce tan 30 ba. Tirela ɗaya mai ɗaukar buhun siminti 600 za ta kwashe shi kaf. Gwal kuwa ana haƙo sama da tan 3,000 a shekara, filatinam da faladiyam kowanne yana kusa da tan 200.

Dalili na farko tun daga halittar ƙasa yake. Rodiyam da 'yan gidansu, su shida, wato shi da filatinam, faladiyam, iridiyam, ruteniyam da osmiyam, ƙarafa ne masu son bin baƙin ƙarfe. Lokacin da duniya take narkakkiya, baƙin ƙarfe ya nutse zuwa tsakiyarta ya tafi da mafi yawansu. Abin da ya rage a ɓawon ƙasa bai wuce kamar giram ɗaya a cikin tan dubu na dutse ba, ko ƙasa da haka. Amma a lura, gwal ma ba shi da wani yawa sosai fiye da haka a ɓawon ƙasa, 'yan giram ne a cikin tan dubu. To me ya sa ake samun gwal ninki ɗari?

Saboda gwal yana taruwa. Ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa yana kwaso shi ya zuba a jijiyoyin farin dutse, kogi ya wanke shi ya tara a rairayi, har mutum ya zo da kwano ya rairaye ya gan shi da ido. Shi ya sa ake samunsa a Anka da Birnin Gwari da Jado da sassan Gana da Sudan, kuma talaka da diga da shebur yana iya nemansa. Rodiyam ba ya yin haka. Yana ɓoye ne a cikin wasu ma'adinai tare da nikel da tagulla da kuromiyam, a irin duwatsun da suka daskare a hankali daga narkakken dutse mai zurfi, kuma wuraren da suka tara shi har ya isa haƙa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Babu mahaƙarsa a Najeriya ko Nijar. Duk wanda ya zo maka da dutse ya ce rodiyam ne ya tono a gona, ka riƙe kuɗinka.

Kusan kashi 80 cikin 100 daga wuri ɗaya yake fitowa, wani yankin duwatsu a arewacin Afirka ta Kudu da ake kira Bushveld, wanda ya samu shekara wajen biliyan 2 da suka wuce. A 1924 masanin duwatsu Hans Merensky ya bi diddigin wani siririn shimfiɗaɗɗen layin dutse mai filatinam a can, wanda har yau sunansa yake ɗauke da shi. A ƙarƙashinsa akwai wani layin da ake kira UG2, wanda ya fi shi rodiyam. Kaurin irin waɗannan layuka bai cika wuce mita guda ba, ma'aikata a durƙushe suke aiki, wasu ramukan sun zarce kilomita ɗaya zurfi, ga zafi. Ragowar kason yana fitowa daga Norilsk a arewacin Rasha, da Zimbabuwe, da ɗan kaɗan daga Sudbury a Kanada da jihar Montana a Amurka.

Tan guda na dutsen Bushveld yana ba da 'yan giram ne kacal na ƙarafan gidan duka a haɗe, kuma rodiyam bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Sai an niƙa dutsen, an taso da ma'adinin a cikin kumfa, an narkar da shi, an cire ƙibiritu da baƙin ƙarfe, an ware nikel da tagulla, sannan a shiga raba 'yan gidan shida ɗaya bayan ɗaya. Sun yi kama da juna ƙwarai a halayyarsu, kuma rodiyam yana cikin na ƙarshen fita. Daga fasa dutse zuwa samun garinsa tsantsa ana ɗaukar watanni. Tun wanda ya gano shi ma, William Hyde Wollaston, a Landan a 1804, a cikin ragowar filatinam ɗin Kudancin Amurka ya tsinto shi, bayan ya gama cire abin da yake nema.

Nan ne gundarin maganar take. Babu mahaƙar rodiyam ko ɗaya a duniya. Filatinam ko faladiyam ko nikel ake haƙa, shi kuwa ya biyo su. Mahauci ba ya ƙara yanka shanu don harshen saniya ya yi tsada, sai in naman duka zai shiga. Haka kamfanin haƙa ba zai kashe biliyoyin dala da shekara goma ya buɗe sabon rami saboda ƙarfen da bai kai kashi goma na abin da zai fitar ba. Idan gwal ya tashi, dubban mutane sukan bazama daji, mata su fito da tsofaffin sarƙoƙi, domin akwai sama da tan 200,000 na gwal a hannun mutane da bankuna. Rodiyam ba shi da wannan rumbu. Abin da aka haƙo ana amfani da shi ne, kuma ajiyarsa mafi girma tana yawo a ƙarƙashin motoci a kan titi.

Farashin da ba ya zama wuri ɗaya

Ana auna shi da oza irin ta gwal, giram 31.1. A tsakiyar 2008 oza ta haura dala 10,000. Kafin shekarar ta ƙare, tattalin arzikin duniya ya karye, cinikin mota ya tsaya, ta faɗo kusa da dala 1,000. A 2016 ta sauko ƙasa da dala 700, wato a lokacin gwal ya fi shi tsada nesa. Sai a watan Maris na 2021 ta kusa taɓa dala 30,000, alhali gwal yana wajen 1,700. A 2023 kuma ta dawo kusa da 4,000. Saboda haka maganar "ya fi gwal tsada" gaskiya ce a yawancin shekarun baya-bayan nan, amma ba dawwamammiya ba ce.

Tashin 2021 ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya jawo satar da ta shafe ka. A watan Satumban 2015 aka kama Volkswagen da maguɗin awon hayaƙin motocinta masu amfani da man gas, wato dizal. Turawa suka juya wa motocin gas baya suka koma fetur. Wannan ya shafi rodiyam kai tsaye, domin hayaƙin injin gas yana da oksijin da yawa, dabarar rodiyam ba ta aiki sosai a cikinsa, wata hanya daban ake bi da ruwan yuriya. Ƙarin motar fetur yana nufin ƙarin rodiyam. Ana cikin haka Sin, wadda ta fi kowa kasuwar mota, ta shigo da sabuwar dokar hayaƙi mai tsanani wajen 2019 zuwa 2020, Turai kuma ta fara auna hayaƙi a kan titi maimakon ɗakin gwaji kawai. Kowane kamfani ya ƙara yawan rodiyam a kowace mota. Daidai lokacin korona ta sa aka rufe mahaƙun Afirka ta Kudu, sannan wata babbar masana'antar sarrafa ma'adini ta Anglo American Platinum a Rustenburg ta sami fashewa a farkon 2020, aka rufe ta, aka sake rufewa a ƙarshen shekarar. Kamfanin mota ba zai daina ƙera motar dala 30,000 don ɗan ƙarfen da bai kai giram ba, ko nawa ne zai biya. Farashi ya tashi sama ba mai tare shi.

Daga nan sata ta ɓarke a Amurka da Ingila, ɓarayi suna shiga ƙarƙashin mota da zarto mai batir su yanke indomi cikin 'yan mintoci. Toyota Prius, mai haɗa batir da fetur, suka fi nema, saboda injinta ba ya aiki kullum, ƙarfen cikinta bai cika lalacewa ba. A wajenmu kuwa yawanci kafin mota ta iso hannun mai ita ake kwashe cikin a like tukunyar, ko a gareji a ce maka ta toshe, a cire, a manta a ba ka abinka.

In ka kwatanta da iridiyam za ka ga abin da na faɗa da farko. Shi ƙasa da tan 10 ake samu a shekara, amma ko a ganiyar 2021 bai wuce dala 6,000 da ɗoriya ba, domin babu dokar da ta tilasta wa miliyoyin motoci ɗaukarsa.

Sauran wuraren da ake amfani da shi

Rodiyam fari ne ƙal, mai tauri, ba ya tsatsa, ba ya dusashewa, kuma sai zafi ya kai digiri 1,964 yake narkewa, alhali gwal a 1,064 yake narkewa. Idan aka gauraya shi da filatinam sai ya ƙara masa ƙarfi a cikin wuta. Da wannan gaurayen ake yin farantai masu ƙananan huda da narkakken gilashi ke bi ya fito zare-zare, wanda ake yin fayiba da shi, da kuma kayan narkar da gilashin fuskar waya da talabijin. Faɗuwar farashin 2023 ma tana da nasaba da wannan: masu yin zaren gilashi a Sin sun rage kason rodiyam a farantansu saboda tsada, suka sayar da rarar. Da wayoyin gaurayen ake yin ma'aunin zafi na manyan tanderu, irin na ƙarfe da gilashi, masu jure sama da digiri 1,500. Akwai kuma wata raga da ake saƙawa da zarensa, a bi da iskar amoniya ta cikinta a zafin wajen digiri 900, a sami asid ɗin naitirik, wanda da shi ake yin takin zamani mai naitiret. Yuriya ba ta cikin wannan, hanyarta daban.

Masana harhaɗa sinadarai suna ji da shi. A 1970 kamfanin Monsanto ya fara yin asid ɗin asetik da taimakonsa, kuma William Knowles ya yi amfani da wani haɗinsa wajen samar da maganin L-DOPA na cutar karkarwa ta Parkinson, aikin da ya ba shi rabon kyautar Nobel a 2001. A asibiti ma, wasu na'urorin hoton mama suna da siririn matacin rodiyam.

Amma inda mutanenmu suka fi taɓa shi da hannu shi ne akwatin lefe. Abin da ake kira farin gwal ba fari ba ne a asali. Gwal ne da aka gauraya da faladiyam ko nikel ko azurfa, launinsa fari-fari mai ɗan rawaya, sai a tsoma shi a ruwan rodiyam a bi da lantarki, ya sami wannan haske mai ɗaukar ido. Kaurin shafen yawanci bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Mata da yawa sukan kawo mini zobe ransu a ɓace, an ce musu jabu aka sayo musu daga Dubai ko Makka don ya fara rawaya ta ƙasa. In na auna sai in ga gwal ne mai kyau, shafen ne ya goge da wanki da wanke-wanke, kuma ana iya sake shafa shi. Haɗarin yana ta ɗaya ɓangaren: ana shafa rodiyam a kan azurfa, har a kan farin ƙarfe da tagulla, su fito sak. Hasken bai tabbatar da komai ba game da abin da ke ƙarƙashi. Kuma kada wani ya ƙara miki kuɗi, Hajiya, da sunan akwai rodiyam a jiki, domin nauyinsa a zobe guda bai kai abin da sikelin kanti zai gani ba.

Ko mutum zai iya fitar da shi da kansa

A'a, Malam, kuma ina roƙonka kada ka gwada. Rodiyam tsantsa, hatta haɗin asid ɗin da ke narkar da gwal ba ya cinsa yadda ya kamata. Kamfanonin da ke wannan aiki, irin su Umicore a Beljiyam da Johnson Matthey a Ingila da Heraeus a Jamus, suna niƙa tangaran tan-tan, su narkar da shi a tanderu mai tsananin zafi tare da tagulla ko baƙin ƙarfe don ya janyo ƙarafan, sannan su bi da iskar kulorin da jerin sinadarai a rufaffen wuri. Ta wannan hanya ake dawo da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rodiyam ɗin da ke shiga kasuwa. Bidiyon da kake gani a intanet na mutum da kwalba a bayan gida, in ma ya fitar da wani abu, ɗan faladiyam ne da filatinam gauraye, rodiyam ɗin yana nan a cikin dusar da ya zubar. Abin da ba a nuna maka shi ne hayaƙin kulorin mai ƙona huhu, da gishirin filatinam mai haddasa asma, da ƙurar tangaran. Mun ga abin da niƙa dutsen gwal a tsakar gida ya jawo a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Bai kamata a sake kai irin wannan aiki cikin gidaje ba.

Ko lissafin ma ba ya fita. Ɗauka a misali indomi tana da kashi ɗaya cikin biyar na giram na rodiyam. A farashin dala 4,000 oza, giram yana kusa da dala 130, wato abin da ke ciki bai kai dala 30 ba. A ganiyar 2021 wannan ɗan adadin ya kusa dala 200. Ka ga ribar tana ga wanda ya tara dubbai yake da tanderu, sai kuma dillalin da ya san lambobi.

Zancen lambobin nan shi ne sirrin kasuwar. Kowace indomi ta asali tana da lamba da aka buga a jikin tukunyarta, kuma manyan masu saye suna da jerin da ke nuna musu abin da kowace lamba ke ɗauke da shi. Biyu masu girma ɗaya, wata ta ninka wata sau da yawa. Waɗanda ake sayarwa sababbi da arha a kasuwar kayan gyara kusan ba su da komai a ciki. A wajen awo, muna da na'urar hannu mai harba hasken eksire ta karanto ƙarafan da ke wuri, amma fuska kawai take gani. In aka ɗora ta a kan curin tangaran ba a niƙa ba, gaba ya ba da wata lamba, baya ya ba da wata. Sai an niƙa, an cakuɗa sosai, an busar, sannan awon ya zama abin dogaro. Na sha ganin garin indomi da aka haɗa da niƙaƙƙen tayil ko aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi. Saboda haka ba zan iya ce maka ga kuɗin wadda aka cire maka ba sai da lambarta a hannu. Kuma duk mai shiga wannan sana'a ya san inda kayansa suka fito, domin kaso mai yawa na abin da ke yawo na sata ne.

Wani abin kuma, duk inda aka ce ƙarfe ya fi gwal tsada, 'yan damfara suna biye. A 2009 an yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a Saudiyya kan jita-jitar wai akwai jar zaiba a cikinsu, abin da babu shi sam. A Indiya an daɗe ana cutar mutane da tsofaffin kwanukan tagulla da sunan suna da iridiyam mai janyo shinkafa. In an nuna maka farin gari ko curi aka ce rodiyam ne, a tuna cewa kamfanoni ne ke sayensa da takardar shaidar awo, babu wanda zai karɓe shi a hannunka a bakin kasuwa.

Game da motarka, za ta yi tafiya ba indomi, amma kana fitar da gubar nan uku gaba ɗaya, kuma in akwai huda a ƙasan mota ko ka tsaya a cunkoso gilashi a rufe, kai da iyalinka kuke fara shaƙa. Wutar cek da ke kunne kullum kuma za ta ɓoye maka wata matsalar idan ta taso. Maganar da ake yi cewa cire ta yana ƙara wa mota ƙarfi gaskiya ce kawai in ta riga ta toshe, kuma ba ta toshewa haka kawai, sai in inji yana shan baƙin mai, ko fulogi ba ya ƙona fetur sosai, ko man da ake sha gurɓatacce ne. In za ka saka wata, a fara gyara wannan, in ba haka ba sabuwar ma za ta mutu. Wace iri ce ta dace da injinka, wannan fannin bakanike ne, shi zai fi ni sani. Ka nemi ta asali ko da tsohuwa ce, a haska cikinta da tocila ka ga ramukan da idonka kafin a yi walda.

In kuma tunaninka ka tara indomi ka ajiye har farashi ya sake tashi, ka sani motar da ke aiki da batir zalla ba ta da salansa, ba ta buƙatar rodiyam ko kaɗan, kuma a Sin irin waɗannan motoci suna ƙaruwa da sauri. Masu haɗa batir da fetur suna buƙatarsa, har wani lokaci fiye da na fetur zalla, saboda injinsu yana yawan mutuwa da tashi, tukunyar tana hucewa. A ɗaya gefen, mahaƙun Afirka ta Kudu suna tsufa, suna fama da ƙarancin lantarki da rikicin ma'aikata, irin yajin aikin wata biyar na 2014, kuma in filatinam ya faɗi aka rufe rami, rodiyam ɗinsa ya tafi tare da shi. Farashin yana iya ninkawa ko ya rabu biyu cikin shekara guda, ya kuma yi duka biyun a baya. Wanda bai da jarin da zai jure irin wannan faɗuwa, ya sayar da abin da ya samu a farashin ranar.